Hannun da Haladu Ya Miƙa a Filin Gumel

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kokawa na yankinmu, wanda ya haɗa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina neman afuwa da na fito da wannan magana bainar jama'a. Ba haka na so ba. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka a Gumel. Sau biyu aka ce ka yi tafiya, na ukun kuwa ina tsaye ina jin muryarka a cikin zaure aka fito aka ce mini ba ka nan. Wayata kuma ka daina ɗauka. To, tunda ba za ka saurare ni a zaure ba, sai ka saurare ni a nan.

Ka san ni, amma masu karatu ba su san ni ba. Sunana Sabo, ina faci a Gagarawa Tasha. Ni ba ɗan kokawa ba ne, ban taɓa kada kowa ba in ban da ƙanena muna yara. Ɗan kallo ne ni, irin wanda ke rufe rumfarsa da rana tsaka in ya ji ganga. Tun ina saurayi nake bin fili, kuma a nan na san ka, lokacin da kai ma kake ɗaura guru kana shiga. Na sha yi maka ihu har muryata ta dushe. Haladu kuwa, wanda saboda shi nake wannan rubutu, ɗan yayata ne. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, yana noma gero da riɗi, ran Alhamis kuma ya je kasuwar Maigatari ya kama shanu ana lodi. Duk wanda ke kallon kokawa a wannan yanki ya san shi.

Na farko, ina so in tuna maka abin da ka faɗa mini.

Ana gama yankan gero ka zo rumfata da kanka. Ba iska ka zo sha ba, ba faci ba. Ka zauna a kan benci ka ce akwai wani baƙo da zai zo daga birni, ya yi horo a gidan koyon faɗa, yana son ya gwada da gwaninmu, kuma ba ka ga wanda ya dace ba sai Haladu. Na tambaye ka tambaya ɗaya, kuma na maimaita ta: kokawa ce irin tamu, ko irin faɗan kejin nan da matasa ke kallo a waya, wanda ake naushi da shuri da shaƙe wuya? Ka yi dariya har da dukan cinya. Ka ce kokawa ce zalla, babu naushi babu shuri, wanda ya taɓa ƙasa ya faɗi, magana ta ƙare. Ka ce ai kai ɗan fili ne, ba za ka kai ɗan mutane inda za a illata shi ba.

Ka san dalilin da ya sa ka biyo ta wurina ba ka je wurin Haladu kai tsaye ba. Mahaifinsa, Malam Tanko, mutum ne mai magana ɗaya. Ya yarda ɗansa ya yi kokawa, amma ya hana shi dambe da duk wani wasa da ake kai wa mutum duka. Da ya ji labarin baƙo sai ya ce bai yarda ba. Ni na je, na cire takalmi, na durƙusa gaban mijin yayata, na ce masa Shugaba ya ba ni tabbaci da bakinsa, kuma in wani abu ya faru a tuhume ni. Daga ƙarshe ya ce ya amince saboda ni. Maganarka na ɗauka na kai masa, Alhaji, na ɗora sunana a kanta.

Na biyu, abin da ya faru a fili.

Bayan la'asar ne, fili ya cika maƙil. Mutanen Sule Tankarkar sun zo a kan babura, 'yan uwanmu na Damagaram da ke fatauci sun tsallako, makaɗa sun ja gefe suna ta yi. Abin da na fara gani da bai yi mini ba shi ne alƙalin wasa. Ba namu ba ne, tare da baƙon ya zo. Sannan baƙon ya fito da safa a hannu mai yatsu a waje. Na kutsa har inda kake zaune na ce, ranka ya daɗe, wannan safar fa? Ka ɗaga mini hannu ba ka ko juyo ba, ka ce ado ne.

Ana busa usur baƙon ya kai wa Haladu shuri a ƙafa. Fili ya ɗauki ihu. Alƙali bai tsayar da wasa ba, kai ma ba ka hana ba. Haladu ya ja da baya, ya kalli inda muke, sannan ya shiga jikinsa kamar yadda ya saba, ya kama ƙugu, ya ɗaga shi cak, ya kai shi ƙasa da baya, tim. Wallahi tallahi ban taɓa ganin kaye mai tsabta irin wannan ba. Makaɗa suka sauya kiɗa, mata suka rangaɗa guɗa, wasu har sun fara tsallaka igiya.

Sai Haladu ya yi abin da kowane ɗan kokawa yake yi tun kafin a haife ni. Ya saki mutumin, ya miƙe, ya sunkuya ya miƙa masa hannun dama don ya tashe shi. Kai ka san wannan ba doka ce da aka rubuta ba, amma babu wanda ake kira gwani in bai yi ba. In ka kada mutum, kai za ka ɗaga shi, ka kaɗe masa ƙasa a baya, don gobe ma za ku haɗu a kasuwa.

Baƙon ya karɓi hannun da hannu biyu. Amma bai tashi ba. Ya ja Haladu ƙasa, ya harɗe masa wuya da ƙirji da ƙafafu, ya lanƙwasa hannun ta baya. Muka yi ta ihu, an gama, an gama! Alƙali ya durƙusa yana kallo, yana jira. Me yake jira? Daga baya aka gaya mini wai a wasansu, in mutum ya ji azaba sai ya bubbuga ƙasa da tafin hannu, shi ne alamar ya sallama. Wa ya gaya wa Haladu haka? Shi a saninsa ya riga ya ci. Yana ta cewa, sake ni mana, ai na kada ka. Har inda nake tsaye na ji ƙarar gwiwar hannunsa, ƙas. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai a lokacin aka busa usur.

Na uku, abin da baƙon ya faɗa.

Ba na riƙe da wannan mutumi a zuciyata, kuma ina so a ji wannan. Washegari, kafin ya koma, ya nemi gidan mai ɗorin da muka kai Haladu, ya zo da kansa. Ya tsuguna ya riƙe kai. Ya ce shi an gaya masa wasansu ne na gauraye, ba a tashi sai wani ya suma ko ya sallama, kuma an ce masa abokin karawarsa ya san da haka. Ya ce da ya ga hannun ya zaci dabara ce. Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya faɗi sunanka. A gaban mai ɗori ya faɗa, a gaban Malam Tanko, kuma bai yi kama da mai ƙarya ba.

Ashe baki biyu ka yi, Shugaba. Ka gaya mana doka ɗaya, ka gaya masa wata, ka zuba su fili ɗaya ka koma kan kujera. Da wani ɗan kasuwa ne ya yi mana haka, wanda bai san kokawa ba, sai in ce jahilci ne. Amma kai? Kai ka san Haladu zai miƙa hannu. Babu wanda ya fi ka sanin haka a duk filin nan. Wannan ne yake cina, kuma shi ne na kasa haɗiyewa.

Na huɗu, abin da ka yi bayan nan.

Muna ɗauke da Haladu muna neman mota, na ji muryarka a lasifika. Ka ɗaga hannun baƙon, ka ce yau kokawar ƙauye ta ga zamani. Haba Alhaji! Kokawar ƙauyen ce fa ta yi maka suna har kake zaune a wannan kujera. Sannan hoton bidiyon da mutanenka masu ɗaukar hoto suka saki ya fara ne daga inda aka harɗe Haladu. Babu shurin, babu kayen, babu hannun da ya miƙa. Wanda bai zo fili ba, abin da zai gani kawai shi ne ƙato yana birgima a ƙasa yana ihu. Ban san abin da aka yi maka alkawari ba in hoton ya yaɗu, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba. Amma hoton bai yanke kansa ba.

Na biyar, ka san abin da ake faɗa a gari?

Rumfata majalisa ce, duk mai jiran faci sai ya tofa albarkacin bakinsa. Dattawa suna cewa cin amana ne, wasu sun rantse sun daina zuwa filinka. Wani bafatake daga Damagaram ya ce a wajensu da an yi haka, da alƙalin bai fita da rigarsa ba. Amma matasa, su da ke kwana da waya a hannu, cewa suke doka doka ce, wa ya aiki Haladu ya ba abokin gaba hannu. Sun sa masa suna Mai Gaisuwa. Ranar da ya je Maigatari da hannu a rataye, wasu suka riƙa miƙo masa hannu suna janyewa suna dariya. Mutumin da bara suke bin sa suna neman ya taɓa musu kai.

Ni ba na gaba da faɗan gauraye. Ina kallonsa a wayar maƙwabcina, akwai gwaninta a ciki, wanda yake so ya koya ya yi. Amma wasa ne dabam, da dokarsa dabam, kuma ana gaya wa mutum kafin ya shiga.

Yau wata biyu ke nan hannun Haladu bai miƙe ba. Ba ya iya riƙe igiyar shanu. Riɗinsa maƙwabta ne suka kaɗe masa. Malam Tanko bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. In na gaishe shi sai ya amsa a gajarce ya ci gaba da jan carbi. Yayata, wadda ta goya ni, in na shiga gidan sai ta tuna tana da aiki a madafa. A ganinsu ni na yi ƙarya, kuma ba ni da shaidar da ta wuce bakinka.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ba kuɗin magani ba ne, mun riga mun yi wannan da kanmu.

Ka zo ƙofar Malam Tanko, ka faɗa da bakinka abin da ka gaya mini a rumfata. Ka tsaya a fili na gaba, da lasifikar nan dai, ka ce bisa dokar da aka ba Haladu shi ya ci, kuma abin da ya yi daidai ya yi. Ka sa a saki hoton gaba ɗaya, tun daga usur na farko. In kuma kwamiti zai sake haɗa irin wannan wasa, a tsayar da mutanen biyu a gaban jama'a a faɗa musu doka ɗaya da Hausa.

Ina gaggawa ne saboda abin da na gani makon jiya. An yi ƙaramar kokawa a wani ƙauye kusa da Gagarawa, na lallaɓi Haladu na goya shi a babur don ya sha iska. Wani ya kada abokin karawarsa, kaye mai kyau. Yana kada shi ya yi tsalle baya, ya ɓoye hannuwansa a bayansa. Wanda aka kada ya zauna a ƙasa da hannu a sama yana jira, yana jira, har ya gane babu mai zuwa, ya dafa ƙasa ya tashi da kansa. Mutane suka yi dariya, wani ya ce ai wannan ya fi Haladu wayo.

A hanyar dawowa, da muka kusa Tasha, sai Haladu ya ce, Kawu, ashe dai ni ne na yi wauta. Na ce a'a. Ya ce ni kawunsa ne, dole in faɗi haka. Gaskiyarsa, tawa ba za ta shige shi ba. Taka ce za ta shiga, don kai ka ɗaga hannun wancan. Har yanzu yana jin nauyinka, Alhaji, ko sunanka ba ya iya kira gatsal.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ƙarfin faɗinta tun bakinka yana motsi. Allah ya ba Haladu lafiya. Gidan Malam Tanko ba ɓoyayye ba ne, kuma kullum bayan la'asar yana zaune a ƙofa.

Wassalam.

Sabo Mai Faci,
Gagarawa Tasha.