Jar motar da na bari ƙanina ya saya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka taimaka ka ɓoye sunana, domin akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Juma'a mai zuwa nake buƙatarta.

Ni dattijo ne, na haura sittin, ina zaune a Dutse amma asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Miga, gidan masu shanu. Karatuna bai wuce firamare ba. Tun ina saurayi na bar kiwo na koyi tuƙi, na yi haya, daga baya na samu aikin direba a wata ma'aikata har na yi ritaya. Shekara talatin da wani abu ina jan motocin mutane, in wanke, in goge, in duba mai da ruwa, da yamma in miƙa makulli in hau adaidaita sahu in koma gida. Ban taɓa mallakar ko taya ɗaya ba. Na faɗi wannan ne don ku gane inda ciwon ya samo asali, ba don in wanke kaina ba.

Ina da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya zauna wajen shanu da na tafi. Hamma yake ce mini, haka ake kiran yaya a gidanmu. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce ya zo mini Dutse yana ta murmushi, ya ce ya sayar da bijimai huɗu, mota yake so ya saya ya ba da haya tsakanin ƙauyenmu da kasuwanni, kuma ba zai ba kowa kuɗinsa ba sai na duba masa. Na ce masha Allah, amma wallahi a ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Mutumin da bai san birki da kuloci ba, da sandarsa a kafaɗa, shi zai riga ni ajiye mota a ƙofar gida. Ni da ke gane ciwon inji daga ƙararsa kawai.

Muka tafi Kano da sassafe, wani wajen sayar da motocin hannu. A cikin waɗanda ke wurin, mota biyu ne kawai kuɗinsa za su iya sayen ɗaya daga cikinsu. Ɗaya fara ce, fentinta ya koɗe, kujerar direba ta yage. Na dafa bonet na ji shi da sanyi, na murza makulli ta tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi, ba wata ƙara. Ɗayar ja ce, tana ƙyalli, an sa mata sabbin rigunan kujera da rediyo mai ƙarfi. Na dafa nata bonet na ji ɗumi, alhali ko ƙarfe tara ba ta yi ba. Direbobin da ke nan sun san ma'anar wannan: an riga an tayar da ita kafin mu zo, don kada mu ga yadda take wahalar tashi da safe. Na buɗe murfin baƙin mai, na ga farar kumfa a jikinsa kamar kindirmo, wato ruwa yana shiga inji. Na goge da babban yatsana, na mayar da murfin na rufe.

Ƙanina idonsa yana kan jar tun da muka shigo. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Hamma, yaya ka gani?" Na ce, "Idan ta kwanta maka, ba laifi." Ya ce farar fa? Na ce ta tsufa. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma da shi na cuce shi. Ya ƙirga kuɗi, aka ce an sallama, ya ba dillali la'ada yana godiya, ni na tuƙo ta har gida, mata suna guɗa.

Ba ta yi wata uku ba ta fara zafi a hanya, daga nan sai gareji. Aka sauke inji, aka mayar, aka sake saukewa. Ya sayar da ƙarin shanu biyu a kanta, har da saniyar da Innarmu ta bar masa, wadda ya taɓa cewa ko yunwa ba za ta sa ya sayar da ita ba. A ƙarshe masu sayen ƙarafa suka ɗauke ta. A ƙauye har waƙa aka yi masa, wai mai jar mota da ƙafa yake zuwa kasuwa. Duk wannan lokacin ni ne mai raka shi wajen bakanike, ni ne mai nemo motar da za ta jawo ta, har izini nake ɗauka a wajen aiki. Kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, duk ranar da ya kira ni ya ce ta sake tsayawa, wani sanyi nake ji a zuciyata. Allah ya yafe mini.

To Allah ba ya shawara da mai hassada. Ƙanina ya koma turkar shanu da raguna, abin ya karɓe shi, ya je Makka, ya gina gida a nan Dutse, ya koyi tuƙi da girmansa. Motar da yake hawa yanzu ta kai shekara takwas a hannunsa, kuma saboda wuyar da ya sha a kan jar, yana kula da ita kamar jinjiri. Bakanike ɗaya ne yake taɓa ta, baƙin mai ba ya wuce lokacinsa, ba a taɓa buɗe injinta ba. Na sani domin ni nake jan ta idan ana biki a dangi. Duk sanda ya faka ta a ƙofar gidana maƙwabta suka taso suna "Alhaji barka da zuwa", ni kuma a ce mini "Malam Direba", sai in ji abin nan ya taso mini kamar yau aka fara.

Bara aka biya ni kuɗin sallama. Bayan gyaran rufin ɗaki da auren autarmu, abin da ya rage ba yawa, na ce ko ta halin ƙaƙa sai na sayi mota kafin in mutu. Uwargidana gwiwoyinta sun lalace, hawa adaidaita zuwa asibiti azaba ne a wajenta, kuma ina so in riƙa ɗan jigilar ranar kasuwa. Wata biyu ina yawo, Dutse, Kano, har Taura na je ganin wata. Duk motar da kuɗina za su iya saya 'yar'uwar jar nan ce. Wani dillali ya ce mini, "Baba, wannan likita ne mai ita, daga gida sai asibiti." Na leƙa ƙarƙashinta na ce, to likitan nan a ramin yashi asibitinsa yake? Ya yi dariya ya ce Baba ka cika bincike. Wata kuma na dafa na ji ɗumi da safe, na buɗe murfi, sai ga farar kumfar nan tana kallona. Na daɗe a tsaye riƙe da murfin, har mai motar ya tambaye ni ko lafiya.

Labarin yawon da nake ya kai kunnen ƙanina ta wajen mata. Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci ya zo, muka gaisa, ya ajiye makullin motarsa a kan tabarma. Ya ce yana shirin canja wata, in ba shi abin da ke hannuna in riƙe wannan, kuma abin da ke hannuna bai kai rabin kuɗinta ba. Na ce a'a, ya kai ta kasuwa. Ya ce wai har yanzu Hamma girman kai, ko sai ya durƙusa? Sannan ya ce, "Ka manta lokacin jar motar nan? Kowa dariya ya yi mini, kai kaɗai ka bar aikinka ka bi ni gareji-gareji. Ban manta ba." Ya tashi ya tari adaidaita ya tafi, ya ce ranar Juma'a zai zo da takardu da shaidu biyu a rubuta.

Ga inda nake. Motar da na fi yarda da ita a duk jihar nan tana ƙofar gidana, a kuɗin da nake da shi, kuma ladan wani alheri ne da ban yi ba. Na faɗa wa uwargidana gaskiya shekaranjiya. Ta ce in karɓa in yi ta istigfari, kada in tono abin da zai raba zumunci mu rasa motar mu rasa shi, ta ce ko ba don kaina ba in dubi ƙafafunta. Wani malami da na tambaya a kaikaice ya ce haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Na yi tunanin in ce masa kawai ya yafe mini duk abin da na taɓa yi masa, amma na san shi, dariya zai yi ya ce na yafe Hamma, bai san me ya yafe ba, bai san saniyar Inna tana ciki ba.

Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, ba fushinsa na fi tsoro ba. Na fi tsoron ya ji duka, ya ce ya yafe, ya sake turo mini makullin. Ya fi ni dukiya, ya fi ni mota, sannan ya fi ni hali. Ko yanzu da nake rubutun nan ina jin zafin a ce gobe in wuce a cikinta mutane su ce ga motar da Alhaji ya ba yayansa. Kun ga ashe ciwon bai warke ba.

To jama'a, in faɗa masa kafin a rubuta takarda, ko in karɓa in bar abin tsakanina da Allah? Ko in mayar masa da makullinsa ba bayani, in je in sayi irin wadda na bari ya saya? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara. Kwana biyar ke nan tana ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidana. Kullum na dawo daga sallar asuba sai na dafa bonet ɗinta, sanyi ƙalau, na san bugu ɗaya za ta tashi, amma har yau na kasa sa makullin.