Kazar da Shaho Ya Ɗauke

Zuwa ga Yayana Bukar, soja a ƙasar Bama, can bayan teku.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni ko Bama ta fi Makka nisa. Sau biyu ina rubuto maka ba amsa, shi ya sa na ba malamin ofishinmu wannan wasiƙar ya tura wa jarida, tunda an ce ana kai muku ita har can.

Yaya, jibi zan koma duwatsun Fika da jakar wasiƙu, kuma tsoro nake ji.

Ka san halin ƙafata ta hagu. Kai ka goyo ni ranar da ta fara karyewa a gangaren Gadaka, lokacin muna masinjoji tare, kana tafe kana zagina wai ina gudu kamar ɗan akuyar da aka kwance. Karo na biyu ma kana nan. Na ukun ne ba ka sani ba. Da bazarar nan dutse ya mirgine da ni, ba kowa a gabana da zai ce "Gimba, bi dama!" yadda ka saba. Fulani makiyaya ne suka tsince ni, suka kawo ni gida a kan takarkari.

Tsohon maɗorin nan na garin Mamudo ya yi aikinsa yadda ka sani. Ya ɗaure ƙafata da karare, ya kama wata jar kaza ya karya tata ƙafar, ya ɗaure ta ita ma. Ya ce ranar da kazar ta taka, ni ma na warke. Sannan ya ƙara da abin da bai taɓa faɗa ba: ƙashin ya gaji, in ya sake karyewa hannunsa ba zai iya ba, ni da sanda ne har kabari.

Ka zo ka ga jinya! Ni ina kwance da yunwa, kaza tana cin gero wankakke. Inna ta ce ko ita da ta haife ni ban taɓa yi mata wannan hidimar ba.

Ana nan Inna ta tafi suna Nangere, za ta kwana uku. Na fito da kazar ta sha hantsi a gindin rumbu, na ja jiki na shiga ɗauko buta. Ihunta kawai na ji. Shaho ya yi sama da ita, ba ta kai ga takawa ba.

Na hau jaki har Mamudo. Tsohon ya daɗe yana shafa gemu, ya ce mahaifinsa bai koya masa abin da ake yi in kaza ta ɓata ba. Wai karya ƙafar wata kazar ba ta da amfani, tunda ba rana ɗaya muka karye ba. Ya matsa ƙafar, ya ce Allah masani.

Yanzu an kwance ɗori. Ina zuwa kasuwa daga unguwarmu Dogo Tebo a ƙasa, ba ciwo. Amma da hadari ya haɗu sai in ji ƙashin yana zogi, kuma kai ka san yashin Potiskum daban, dutse daban.

Wata huɗu ke nan ina zaman benci a ƙofar ofis, mai keke yana tafiya da jakata. Zaman nan ya ishe ni, Yaya, har mafarkin gangare nake yi. Da ruwa ya yanke hanya, keke ya gagara, sai shugaban masinjoji ya kira ni. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko kazar ta taka. In na ce a'a, na zama mai gadi ke nan har tsufa. Na ce ta taka.

Ba wannan ce ƙaryar da ke cina ba. Kafin Inna ta dawo na samo wata jar kaza a kasuwa na sa a akurki. Idon Inna ya yi rauni tun bayan tafiyarka. Ta shigo ta ga kaza tana tonon ƙasa da ƙafa biyu, ta rangaɗa guɗa, washegari ta soya masa ta raba sadaka. Yanzu haka tana tsakar gida tana soya mini gyaɗar guzuri, tana waƙa. Tunda ka tafi ban ga hankalinta ya kwanta haka ba.

Mutanen garinmu da za su riga ka karantawa, ina roƙonsu su rufa mini asiri, Inna ba ta karatun boko.

Allah Ya tsare ka daga harsashi, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ni ma ka roƙa mini in sauko da nawa. In kuwa ka dawo ka tarar da ni ina dogara sanda, ka zage ni son ranka a bayan gida, amma kada ka gaya wa Inna. Bar ta ta ɗora laifin a kan dutse.

Ni ne ƙaninka,
Gimba Masinja, Potiskum.