Injin Baba da Ƙafar Wendell

Cookeville, Tennessee

Zuwa ga ƙanin mijina, Hollis,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Gwenda da yara, can cikin sanyin Alaska. Ubangiji ya tsare ku, ya ba ka lafiyar aiki, ya sassauta wa Gwenda ciwon gwiwar da take fama da shi. Sunanta yana cikin addu'armu a coci kowace Laraba. Mu nan mun gode Allah. Ganye ya gama zuba, maza sun fara shiga daji farautar barewa. Goggo Opal tana nan daram, har yau ba a dafa wake da burodin masara a gabanta ba ta ce gishiri ya yi yawa ba. Yayanka Wendell jiki da sauƙi, magana ta dawo sarai, hannun hagu ya fara riƙe cokali, ƙafar ce dai har yanzu sai ja.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka bari mutum ya dire magana, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba shi da birki. Ina tsaye a madafa ranar Lahadi sa'ad da ka kira yayanka, kuma duk abin da ka faɗa ya shiga kunnena, don ko maƙwabta sun ji muryarka. Wai mun farke cikin motar Baba mun sa mata injin a-kori-kura. Wai mota ƙirar Chevelle ta shekarar saba'in da lambar injinta ta yi daidai da ta jikinta ba ta da yawa a duk jihar nan, mu kuma mun mai da ita motar 'yan tasha. Wai rabin motar naka ne, ba a shawarce ka ba, kuma da Baba zai ɗago kai ya gani, ba zai yafe ba. Wendell bai ce maka komai ba sai to, to, ka yi gaskiya. Ni ce zan amsa maka, tunda shi kunyar ƙaninsa yake ji, ni kuwa na san ka tun kana satar naman miya a tukunyata.

Kada ka ɗauka ban san darajar lambar nan ba. Tun da na shigo gidanku nake kallon manyan maza masu furfura suna kwanciya a kwalta kowace Asabar da yamma a dandalin gari, da tocila da ɗan madubi, suna leƙen lambar inji kamar masu neman allura. Na san motar da ta rabu da injin haihuwarta, a wurinku ta zama 'yar tsintuwa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai hoto ka gani a waya. Ni na ga mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, aka dawo da shi gida ya zauna a bakin taga yana kallon ƙofar gareji, ba ya cin abinci sai na yi faɗa, ba ya zuwa gashin ƙashi sai na yi kuka. Likita ta ce zai iya tuƙa mota mai canza giya da kanta. Na ba shi tawa, ya zaga da ita sau ɗaya ya miƙo mini makulli, ya ce shi bai taɓa tuƙa firji ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Kulocin motar Baba kuwa, ko kai mai ƙafa biyu sai ka yi nishi kafin ka danne shi.

Ni na kawo shawarar, ba shi ba, don haka in zagi ne ka juyo da shi nan. Orval maƙwabcinmu, wanda ke rera waƙa da mu a coci, shi ya samo mana inji da giyarsa mai canza kanta daga wata a-kori-kura da aka daka ta baya, a filin matattun motoci. Ya kawo sarƙarsa ta ɗaga inji muka rataya a reshen itacen nan na bayan gida, inda Baba yake rataya tasa. Wendell ya sa aka fito masa da kujera, shi ne baki, ni ce hannu. Hollis, da tsufana na koyi bambancin sifana da sifana. Faratana duk sun karye, baƙin mai ya shiga gashina har Goggo Opal ta tambaya ko rini na fara. Kaskon mai ya ƙi zama, yana dukan ƙarfen ƙasa, sai da muka sake wani. Wayoyi kuwa kamar an kifar da tukunyar taliya. Wendell yana yi mini tsawa wai ke Ardith, ba wannan ba, jar nake nufi, ko makanta ta kama ki ne, ni kuma ina ce masa in ya matsu ya taso ya yi da kansa. Ranar nan sai na ɗago kai na gan shi tsaye a kaina, ya dafa motar, sandarsa tana can jingine da kujera. Bai ma san ya taso ba.

Da muka gama haɗawa, inji ya ƙi tashi. Ashe kwamfutarsa ce ta ga ba makullinta ba ne, ta ɗauka sato shi aka yi. Yayanka ya yi dariya har da hawaye, wai shekara sittin da 'yan kai yana zaman mutunci, yau ga ƙarfe ya kira shi ɓarawo. Wannan ce dariyarsa ta farko tun kwanciyarsa asibiti. Ranar da muka shawo kan kwamfutar injin ya tashi kuwa, karnukan unguwa duk sai da suka amsa. Asabar ɗin da ta biyo ya sa rigarsa mai kyau, ya tuƙa mu har dandali da kansa. Tsoho Dewey, ɗaya daga cikin masu leƙen lambar nan, ya leƙa ya taɓe baki, wai gara a rufe bonet ɗin nan kada yara su gani. Wendell ya ce a bar shi a buɗe ya sha iska, in kuma Dewey yana da ja, ga danja can, su jera su gani, ai tasa mai lamba daidai a kan tirela ake kawo ta kamar amarya. Kowa ya kwashe da dariya. Maganar bare ba ta yi masa komai ba. Taka ce ta kayar da shi.

Yanzu ga abin da ya hana ni faɗa maka, har da sa ni alkawari, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ce me ya sa ba mu canza giya kaɗai muka bar injin Baba ba. Da haka muka yi niyya. Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da rani, da ka ɗauki motar ka yi ta yawo da abokanka har ta yi zafi? Ka dawo ka zuƙe lagireto, ka ɗura masa ruwan famfo zalla, ka ce za ka sayo maganin daskarewa ka zuba kafin ka tafi. Ba ka zuba ba, ba ka kuma faɗa wa kowa ba. Da kaka ciwo ya kayar da Wendell, muka yi hunturu a asibiti, ba wanda ya leƙa gareji. Ruwan ya daskare ya tsaga injin daga ciki, tsagar da ɗan yatsana yake shiga. Masu walda biyu sun duba sun girgiza kai. Kai da kake kwana kake tashi cikin ƙanƙara, kai ne ka manta ruwa yana daskarewa! Da Wendell ya gani, sai ya ce kada Hollis ya ji, ba zai yafe wa kansa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban faɗa don in ƙona maka rai ba, kuskure ne, kowa yana yi. Amma ba zan zauna a kira mijina maci amanar Baba a kan ɓarnar da yake rufa maka ba.

Tun daga wayarka bai sake taɓa makullin ba. Ya koma bakin taga. Jiya na ji yana ce wa Orval ya dawo da sarƙa Asabar ɗin bayan bikin Ranar Godiya, za a sauke sabon inji a mayar da tsohon, tsagagge, a ɗaure shi yadda yake. Orval ya ce to ai motar ba za ta sake motsi ba har abada. Ya ce ya sani, amma lamba za ta yi daidai, ƙaninsa kuma zai samu rabinsa cikakke. Ka ji irin yayan da Allah ya ba ka.

To ni na faɗa masa, yanzu ina faɗa maka: hannuna ba zai taɓa wannan aikin ba, Orval ma na hana shi. In dai kana so a mayar da injin nan, ka hau jirgi ka zo. Ɗakinka yana nan, zan gasa maka talotalo, zan miƙa maka sifana ɗaya bayan ɗaya. Amma kai za ka kwance kowace ƙusa da hannunka, Wendell yana zaune a kujerarsa yana kallonka. In ba za ka iya ba, ka ɗauki waya kafin ranar, kuma wannan karon ka bar shi ya yi magana.

Ka gaishe mini da Gwenda da kyau, ka ce ina jiran hoton jikarta. Ka gai da yaranka Tobin da Marla da iyalansu duka. Goggo Opal tana gaishe ku, Orval ma haka. Wendell bai san me na rubuta ba, ya ga dai ina rubutu ya tambaya wa nake wa. Da na ce kai ne, sai ya ce in gaishe ka, in ce maka ka sa rigar sanyi mai kauri, kuma kada ka damu, zai gyara ɓarnar da ya yi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matar yayanka, mai ƙaunarka ko da tana fushi,
Ardith