Layin Ƙarshe a Littafin Maidaji

Huanshi Lu, Guangzhou
12 ga Agusta, 2008

Zuwa ga Yaya Dogara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ƙaninka Maidaji, ya sa ya huta.

Alhaji Shehu zai taso jibi da kayansa, shi zai kawo maka wannan. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji shida na tsaya. Maganar ce bakina ya kasa faɗa a waya.

'Yan sandan hanya sun dawo min da abin da suka kwashe a motar, cikin kwali ɗaya. Akwai wayarsa, da rediyon nan mai abin magana da igiya murɗaɗɗiya, da wani baƙin littafi, da ledar ɗanyar citta. Tambaya ɗaya suka yi min ta bakin tafinta: ko yana waya sanda hatsarin ya faru? Wai direban babbar motar da suka haɗu ya ce ya ga abu a hannunsa. Tunda aka fara shirin wasannin Olamfik ɗin nan sun matsa a kan masu tuƙi da waya. Na ce ban sani ba.

Yaya, na san wani abu. Ranar da zai kai kaya filin jirgin Baiyun, ni na kira shi da ƙarfe tara da minti goma, don in tuna masa citta. Ta yi ta ringin, bai ɗauka ba. Tara da ashirin da huɗu abin ya faru, haka takardarsu ta ce. Kuma ashe ya riga ya sayi cittar. Kullum ina ganinsa yana laluben wayar a aljihu, idonsa ba a kan titi ba. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Tunda takaba ta zaunar da ni a ɗaki, na kunna ƙaramin oba-obansa na bakin taga. Kullum wajen tara na safe sai in ji 'yan China suna kiran juna ɗaya bayan ɗaya. Sai wani dattijo ya ce “Lao Mai”, kowa ya yi shiru, sannan su ci gaba. Zeinabou maƙwabciyata, 'yar Maraɗi, tana jin yarensu, ta ce da Maidaji suke. Su waye waɗannan? Me suke faɗa wa juna kullum ba sa gajiya? Kai ka koya masa harkar rediyon nan, kai za ka sani.

Ka gaida Hajiya. Na bar ku lafiya.

Ƙanwarka,
Jumai

Gwammaja, Kano
24 ga Agusta, 2008

Zuwa ga ƙanwata Jumai,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso hannuna, na karanta sau uku. Duk muna lafiya, Hajiya na amsawa.

Da farko, ajali ba ya jiran kiran kowa. Ki cire wannan daga ranki gwargwadon iko.

Mutanen da kike ji masu sha'awar rediyo ne. Ba sana'a ba ce, ba a biyan kowa. Mutum zai yi jarrabawa, hukuma ta ba shi haruffan kiransa, ya riƙa magana da 'yan'uwansa na kusa da na nesa. Abin da suke faɗa bai taka kara ya karya ba: ina jin ka sarai, ga inda nake, hanya ta cunkushe, an yi ruwa. Shirun da suke yi idan an kira sunansa girmamawa ce ga wanda ya rasu. Ki saurara yadda kike so, amma kada ki danna maɓallin gefe, domin ba ki da takardar izini.

Littafin da kika ambata shi ne mai muhimmanci. Na hore shi tun yana ɗan shekara goma sha huɗu cewa duk maganar da ya yi a rediyo ya rubuta ranarta da lokacinta. Ki kwafo mini layin ƙarshe yadda yake.

Allah ya ba ki haƙuri.

Yayanki,
Dogara

Huanshi Lu
7 ga Satumba, 2008

Yaya Dogara,

Assalamu alaikum. Ya ibada? Allah ya karɓa mana.

Na buɗe littafin. Layin ƙarshe ranar ce, 14 ga Yuli, sai lamba 0107, sai haruffan Turanci da wasu lambobi birjik. Yaya, wannan ai ƙarfe ɗayan dare ne, kuma a lokacin yana gida yana minshari. Na duba baya, duk haka suke, ɗaya da wani abu. Ko agogonsa ne ya lalace wata da watanni bai lura ba?

Na kuma tsinci takardar tara a tsakiyar littafin, ta watan Afrilu. Na tuna ranar. Ya dawo yana ta faɗa, wai ɗan sanda ya tsare shi a unguwar Tianhe don ya gan shi da abin magana a hannu. Ya ce masa wannan ba waya ba ce, rediyo ne. Ɗan sandan ya ce hannu dai hannu ne. Na yi masa dariya har ya yi fushi ya ƙi cin tuwo. Ya ce 'yan ƙungiyarsu ma sun rabu biyu, wasu na cewa dokar ba ta shafe su ba, wasu sun sayi na saƙalawa a kunne.

To ni ina son in sani, wa ke da gaskiya? Wayar ce ko ba ita ba ce? A can gida ya ake yi?

A gaida kowa.

Jumai

Gwammaja
19 ga Satumba, 2008

Ƙanwata Jumai,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Muna amsa gaisuwa.

Agogonsa lafiya lau yake. Mu da agogon GMT muke rubutu, wanda kike ji ana faɗa a gidajen rediyo, domin kowa a duniya ya zo daidai da ɗan'uwansa. China tana gaba da awa takwas. Ki ƙara takwas a kan ɗaya.

Tambayarki kuwa, ban san dokar China ba. Na ji a wasu ƙasashe an ware mu daga dokar waya, a wasu an haɗa. Shekara talatin ina gardamar cewa namu daban ne, ba ka danna lamba, ba ka kallon komai. Yau ba ni da bakin gardama. Tara da minti bakwai yana kan rediyo, Jumai. Idan direban nan ya ga abu a hannunsa, to ba wayarki ba ce, abin da ni na danƙa masa ne. Na lulluɓe nawa rediyon da zane tun ranar da na yi lissafin.

Haruffan da ke kan layin na wanda ya yi magana da shi ne. Ki nemo shi.

Yayanki,
Dogara

Huanshi Lu
6 ga Oktoba, 2008

Yaya Dogara,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah ya maimaita mana.

Na same shi. A bangon littafin akwai kati mai haruffa irin na layin, da lambar waya. Zeinabou ta kira. Sunansa Lao Chen, dattijon da nake ji da safe, tsohon malamin makaranta ne. Jiya suka zo da matarsa, da lemo a leda, da nasa littafin a hammata. Ba su san gidan ba ne, shi ya sa ba su zo gaisuwa ba.

Ya ajiye littattafan biyu kusa da juna. 0107 a nasa, 0107 a na Maidaji. Sai ya sa yatsa a kan wata lamba can gaba, wadda ban kwafo maka ba don na ɗauka ba komai ba ce: 0113. Ya ce wannan lokacin gamawa ne, kuma da hannun Maidaji aka rubuta, a miƙe tsaf.

Na ce wa Zeinabou, “Tambaye shi ko yana tuƙi suke maganar.”

Dattijon ya girgiza kai, ya ce, “Meiyou, meiyou,” wato a'a. Wai tun tarar Afrilu Maidaji ba ya taɓa abin magana sai ya tsaya. Akwai gidan mai a hanyar filin jirgi, nan yake fakawa kullum ya kashe mota. Har tsokanarsa suke, wai baƙo ya fi 'yan gari tsoron doka. Shi kuma ya ce musu ba doka yake tsoro ba, dariyar matarsa yake tsoro.

Sai na daure na tambayi tawa. Yaya, ya ji ta. Ya ce suna cikin magana waya ta hau ƙara a motar, Maidaji ya yi dariya ya ce, “Laoban ce ke kira,” wato shugabarsa. Ya ce, “Citta za ta tuna min, ga ta nan a kujera. In na sauke kaya zan kira ta in ce na manta, in ji me za ta ce.”

A tsaye yake sanda na kira. Ya gama da rediyon, ya rubuta lokaci, ya rataye abinsa, sannan ya hau titi. Minti goma sha ɗaya bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Abin da direban ya gani ban sani ba, amma ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Lao Chen ya ce zai kai littattafan biyu wurin 'yan sanda da kansa.

Na yi kuka har matarsa ta riƙe ni, ba ma jin yaren juna. Ka yaye zanen nan, don Allah.

Zan taho in na fita takaba. Tambaya ta ƙarshe: jarrabawar nan taku, mai aji shida za ta iya?

Ƙanwarka,
Jumai

Gwammaja
20 ga Oktoba, 2008

Jumai,

Wa'alaikumus salam. Na yaye.

Za ta iya. Ki taho da littafin, daga layin da ya tsaya za ki ɗora.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki,
Dogara