Maganin da Na Ji a Rediyo

Kagoma,
ta hanyar Kafanchan.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin ƙasar Turawa? Yaya maigidanki da jikokina? Ina fata kowa lafiya.

Jikin mamanki Ladi ya ƙi. Likita a Kafanchan ya ce kitse ne ya daɗe a hantarta har ya zama ciwon daji. Matar da ba ta taɓa kai burkutu baki ba! Ƙibar nan da ake yaba mata a coci, ashe ciwo ne.

Ranar Laraba na ji a rediyo masu bincike suna gwada maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan irin wannan ciwo. Kunnena ya yi nauyi, ban ji sunan ba. Na hau mashin zuwa kemis, na sayo kafso ja da baƙi, wanda muke sha in ciki ya ɓaci, na riƙa juye mata a kunu. Kwana uku tana amai. Likita ya yi mini faɗa kamar yaro, ya ce abin gwaji ne tukuna. Ita kuwa cewa ta yi, "Malam, ka bar ɓata mini kunu."

'Yata, ke kina cikin likitoci. Ki tambayo mini sunan maganin, da ko za su karɓi tsohuwa a gwajin. Ko a'a ce, ki rubuto. In ta tafi, ba mai amsa mini magana a gidan nan.

Ku sa mu a addu'a. Ki gai da kowa.

Babanki,
Malam Yohanna