Murjanin da Babanki Ya Dasa

Gidan Dahala, Sakkwato.
28 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga ɗiyata Muhsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta uwa da ɗiya, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Ja'afar da 'yar jikata Sumayya. Allah Ya sassauta miki gajiyar asibiti, Ya tsare ku a can Fatakwal daga duk abin ƙi. Mu nan lafiya lau sai godiya, in ban da gwiwar nan tawa da ba ta son sujada mai tsawo. Gwaggonki Habiba ta koma gidanta washegarin da na fita takaba. Baffanki Abdulwahabu ya ce an yi yayyafi a Dundaye, amma bai isa a yi shuka ba. Kin ga har yanzu ina rubuta "mu". Sabo ne kawai, ni kaɗai ce a gidan.

Na san za ki ce mene ne abin rubuta takarda ga waya a hannu. To, a waya kuka ne ke riga ni magana, ke kuma kullum kina tsaye da ƙafa ɗaya ana kiran ki. Maganar da zan yi miki ta alkawarin nan ce da na ɗauka cikin fushi ranar sadakar arba'in, da kika matsa mini in rufe gida in dawo wurinki da zarar na gama takaba. Na ce miki duk ranar da murjanin babanki ya mutu, a ranar zan ɗaure kayana in taho, amma muddin yana da rai ba inda za ni. Kika ce kin ji, kika kashe waya. To, ga yadda aka yi.

Ke ba ki ga tankin gilashin nan da murjanin yake ciki yadda ya kamata ba, don da kika zo gaisuwa falon cike yake da mata, an ma lulluɓe shi da zane. Bari in faɗa miki mafarinsa. Kin san shekara talatin da babanki ya yi yana gwajin dutse a kamfanin siminti na Kalambaina. Tun kina ƙarama yake dawowa da 'yan duwatsu a aljihu, ya nuna mini ɓawon koɗi a cikinsu, ya ce wurin nan da muke zaune duk ƙarƙashin teku yake a zamanin da. Ni kuwa in ce masa teku ko ba teku ba, ya daina yage mini aljihun riga. Da muka je Umara bara, ya ga wani tankin gilashi mai kifi da murjani mai rai a masaukinmu na Jidda, ya tsaya gabansa har muka kusa rasa mota. Tun daga ranar na san mun shiga uku. Muna dawowa ya sa aka haɗa masa nasa, ɗan ƙarami, taƙi uku a tsawo, mai cin lita sittin. Ya kwaso duwatsun nan nasa ya jiƙa su sati da sati yana sauya musu ruwa, wai zai mayar da su inda suka fito.

Ban taɓa ganin abu mai ƙa'ida irin wannan ba. Ruwan famfo ba ya yi, sai wanda ƙaramin injin tacewa ya tace. Gishirin miya ba ya yi, sai wani na musamman da wani mai sayar da kifin ado a Legas, Saifullah, yake aiko masa a bokiti. Ga ɗan injin da ke kaɗa ruwa dare da rana, ga fitila shuɗiya, ga batir na sola saboda ɗauke wuta. Bayan ya gama duk wannan, sai ya bar tankin wayam sati shida, ba kifi ba komai, wai sai ruwan ya nuna tukuna. Ya kan ja kujera ya zauna yana kallon dutse da ruwa. Gwaggonki Habiba ta shigo wata rana ta iske shi haka, ta ja ni gefe ta ce wanga abu ba lafiya ba, a nema mishi addu'a tun da wuri. Ni ma na yi masa dariya, Allah Ya yafe mini. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambaye shi yadda ake yi ba.

Da ruwan ya nuna, aka fara kawo dodon koɗi guda biyar masu lashe gansakuka a jikin gilashi. Bayan sati biyu sai ga murjanin, ba irin na sawa a wuya ba, mai rai na cikin teku. Na zaci zan ga wani abin kirki, ashe ɗan guntu ne bai wuce kan babban yatsa ba, manne a kan tsakuwa. In ya rufe, sai ki ga kamar fatar gauta mai ruwan hoda, babu kyan gani. In ya buɗe kuwa, sai ɗaruruwan 'yan zare kore shar su fito suna rausaya, kamar ciyawar farkon damina. Babanki ya dasa shi da hannunsa a kan dutsen da ya fi so. Ya ce kifi biyu ne za su zo a ƙarshe, in murjanin ya kama. Kwana tara bayan haka ya faɗi a hanyar masallaci.

Kin san takaba, ko da yake Allah Ya kiyaye ki da saninta. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, ba turare. Satin farko gida ba masaka tsinke, sati na uku sai ɗaya-ɗaya, bayan arba'in sai Gwaggonki kaɗai, ita ma rabin yininta barci ne. Baffanki ya kulle ɗakin babanki kamar yadda aka saba, ya tafi da makulli har sai an yi rabon gado. Abin da ya rage mini nasa a waje shi ne tankin, da littafinsa da ya bari a ƙarƙashin tebur. Daga littafin na koyi share gilashi, da kunna fitila bayan walaha, da haɗa ruwan gishiri awo-awo yadda ya rubuta. Ƙarar injin nan da nake yi wa mita ita ta zama muryar gidan. In na idar da sallar asuba, ina zaune nan ina lazimi har murjanin ya buɗe, sai in ji kamar an amsa mini sallama.

A bayan tankin akwai jarkoki farare guda uku da ya cika ya jera, da siririn tiyo mai ɗiga ruwa da kansa yana cike abin da ya ƙafe. In ɗaya ta ƙare, in mayar da tiyon cikin ta gaba. Haka muka yi ta yi lafiya har bazara ta shigo. Kin san zafin garin nan, bana ma ya fi na kullum. Littafin ya ce in ruwa ya yi ɗumi a kunna fanka tana hura samansa, a saka gorar ƙanƙara a rufe. Na yi. Sai ruwa ya riƙa ƙafewa kamar ana sha, jarka ta uku ta ƙare cikin azumi. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ce abin teku ai ruwan gishiri yake so. Na haɗa ruwa daidai yadda littafin ya ce, ban rage ban ƙara ba, na cika jarkokin, har ina yaba wa kaina.

Sati biyu da haka dodon koɗi ya fara faɗowa daga gilashi. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, har huɗu. Sannan wata safiya na kunna fitila, murjanin bai buɗe ba. Na ce ko zafi ne, na ƙara fanka. Na ƙara fanka, ruwa ya ƙara ƙafewa, na ƙara cika jarka. Kin ga ni da hannuna nake kashe shi, ina ganin jinya nake yi. Akwai ma'aunin gishiri da na sha ganin babanki yana ɗiga masa ruwa ya leƙa da ido ɗaya, amma yana cikin ɗakin da aka kulle, ni kuma na ji nauyin a ce matar mamaci tana takaba tana neman a buɗe mata ɗakin gado. Gwaggonki ta dubi murjanin ta ce wagga wahala ta isa haka nan, abin ya bi mai shi, in haƙura. A ranar na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado na fara shirya kaya. Ban gaya miki ba, don na ce sai na tabbatar.

Abin da ya fisshe ni, Muhsina, miyar kuka ce. Tun da na koma ni da Gwaggonki, tukunya ɗaya ke kai mu kwana uku, kullum ɗumame. Rana ta uku na ɗora ta, na shagala a gaban tankin, ta kusa ƙonewa. Na ɗanɗana na ji gishiri ya yi mata yawa, alhali ban ƙara ko ƙwaya ba. Hannuna da kansa ya ɗauki moɗa ya zuba ruwa. Sai na tsaya da moɗar a hannu. Shekara arba'in ina girki, na san in miya ta ƙafe ruwa ne ya tafi, gishiri yana nan, ba wadda za ta ƙara mata ruwan gishiri sai mahaukaciya. Na bar tukunyar a wuta na tafi bayan gida inda na ajiye wata tsohuwar jarkarsa da ta tsage. Akwai ɗan sauran ruwa a gindinta. Na sa yatsa na ɗanɗana, salam, ko alamar gishiri babu. Bai rubuta wannan a littafin ba, don a wurinsa abu ne da kowa ya sani. Miyar dai ta ƙone ƙurmus.

Na ajiye kunya na kira Baffanki. Bai ga laifina ba, Allah Ya saka masa. Ya taho daga Dundaye da liman a matsayin shaida, ya buɗe ɗakin, ya ce in shiga da kaina tun da ni na san abin. Hularsa tana nan a rataye inda ya bar ta, ɗakin kuma har yanzu ƙamshinsa yake yi. Na ɗauki ma'aunin na fito da sauri. Na kira Saifullah na Legas da lambar da ke bangon littafin. Ashe bai ma san an yi rasuwa ba, yana ta ajiye kifin yana jiran kira. Ya yi mini ta'aziyya, ya koya mini leƙa ma'aunin, da na faɗa masa inda layin ya tsaya sai ya yi salati. Ya ce kada in kuskura in gyara a rana ɗaya, gaggawar za ta ƙarasa abin da gishirin ya fara. Kofi biyu zan ɗebe in mayar da tataccen ruwa, safe da yamma, ba ƙari.

Haka na yi ta yi, kofi biyu, kofi biyu. Na fita takaba, mata suka zo suka tafi, na hana a kunna turaren wuta a falo har wasu suka ji haushi. Murjanin yana nan a rufe, gefensa ɗaya ma ya yi fari ya zube. Kwana ashirin da shida ke nan. Na gama shirya akwati, har na sa wa Sumayya ƙuli-ƙuli da kilishi a sama. Ranar Juma'ar da ta wuce na kunna fitila, na je na ɗora ruwan shayi, na dawo. Sai ga zare kore guda bakwai, na ƙirga su, sun leƙo daga tsakiya suna motsi. Yau sun fi talatin.

Na yi hamdala, na yi sujada da gwiwar nan tawa. Sannan na zauna a kujerar babanki na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana'iza. Ba zan ɓoye miki ba, ba duka na murna ba ne. Na riga na ga kaina a gidanki, ina yi wa Sumayya kitso, ana kira na Inna daga wani ɗaki. Na juya in ce wa wani zo ka gani ya buɗe, babu kowa a gidan. Amma alkawari na yi, kuma ko ban yi ba, ba zan iya kashe injin nan da hannuna ba. Ba a ɗaukar tankin a mota zuwa Fatakwal, na tambaya. Don haka ina nan. Na ce wa Saifullah ya aiko da kifin bayan Sallah. Ya ba da shawarar a fara da guda ɗaya a gani, na ce masa biyu ko a bari.

Ki gaishe mini da Ja'afar da kyau, ki ce na gode da maganin gwiwa. Ki shafa mini kan Sumayya, ki ce mata Inna tana da ciyawa mai rai a cikin ruwa. Gwaggonki Habiba da Baffanki Abdulwahabu da iyalinsa duk suna gaishe ku. Babbar Sallah saura sati uku. Ban taɓa roƙon ki ki bar aikinki ba, yau ina roƙo, ko kwana huɗu ne. Akwatin yana nan a bakin ƙofar ɗakina a ɗaure. Na kasa tafiya da shi, na kuma kasa kwance shi. Ki zo ki kwance mini.

Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki,
Maimunat.