Ƙudajen Kaka

Yaya,

Ina gaishe ki da Mama da yara. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, in ban da ido ɗaya.

Sati biyu ina ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe a duk jinin da na duba a ɗakin gwaji. Na goge madubin na'urar duba jinin sau uku, har na yi wa abokiyar aikina faɗan ƙazanta. Sai ɗigo-ɗigon suka biyo ni gida, suka hau bango.

Likita ya ce ido fata uku gare shi. Ta tsakiyar, mai jijiyoyin jini, ita ke ciyar da shi, kuma tawa ta kumbura. Ya ba ni maganin ɗigawa kowace awa. Na ce, "Zan warke?" Ya ce, "Kin zo da wuri." Digirina biyu, na san wannan ba amsa ba ce.

Kin tuna Kaka tana korar ƙudajen da babu su, muna ta dariya? Jiya na kai wa ɗaya duka.

Kada Mama ta ji. Cikin hira kawai ki tambaye ta: shekara nawa tsakanin ƙudajen nan da ranar da muka fara yi wa Kaka jagora?

Ki sa ni a addu'a.

Autarku